Tsiron Dawa: Ilmin da Muka Sakar wa Masu Giya



Batun da muka zaɓa mu yi magana a kansa yau zai sa waɗansu su gyara zama, waɗansu kuma su tsuke fuska, domin ba makawa sai mun ambaci giya a cikinsa, ba sau ɗaya ba kuwa. Saboda haka bari mu share fage tun da wuri. Addininmu ya haramta giya, dokar Jihar Zamfara kuma ta hana yinta da sayar da ita tun shekarar 2000, sa'ad da aka fara aiki da shari'a a zamanin Gwamna Ahmad Sani, Yariman Bakura. Ba mu zo koya wa kowa dafa ta ba. Abin da ya kawo mu shi ne, sana'ar nan tana da matakai uku, biyun farko kuwa halal ne tsantsa, kuma iyayenmu mata a Talata Mafara da Bakura da Maradun suna yin su kullum ranar Allah a tukunyar kunun zaƙi. Ƙyamar mataki na uku ta sa mu 'yan boko mun juya wa biyun farko baya, alhali kuwa akwai kuɗin manominmu a cikinsu, akwai kuma abincin jariranmu.

Mu fara da kallon yadda Bature yake yi, domin shi ya auna kowane abu ya rubuta. A Ingila an ɗage wajabcin lasisi ga mai dafa giya a gidansa a 1963, a Amurka kuwa Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu kan irin wannan doka a 1978. Tun daga nan abin ya zama sha'awa a can, kamar yadda kiwon tantabara yake a wurinmu. Masu wannan sha'awa iri biyu ne. Akwai mai sayen ruwan tsiro da kamfani ya riga ya dafa ya daskarar a gwangwani, shi nasa kawai ya tsinka da ruwa. Akwai kuma mai farawa daga ƙwayar hatsi, wanda shi ake gani gwani. Bambancinsu shi ne bambancin matar da ta sayi garin koko a leda da wadda ta jiƙa geronta, ta kai markaɗe, ta tace gasararta da kanta.

To, shi wannan gwani yakan ɗauki tsiron sha'ir kamar kilo 5 in yana son lita 20. Ya ɓarza shi, ba ya niƙe shi lukui, domin yana bukatar ɓawon. Ya zuba a ruwa mai zafin digiri 65 zuwa 67 a ma'aunin Salsiyas, ya rufe, ya bar shi awa guda. In ya buɗe, abin da ya zuba gari ya zama ruwa mai zaƙi kamar an narka mazarƙwaila, ba tare da ya sa ko ƙwayar sukari ɗaya ba. Sai ya tsiyaye ruwan ta cikin ɓawon, wanda ya zama masa rariya, ya ɗauraye dusar da ruwan zafi, ya tafasa awa guda tare da furen wani tsiro mai yaɗo da suke kira hof. Har zuwa nan babu abin maye ko ɗigo a tukunyarsa. Sai ya sanyaya ruwan ya zuba yis, ya bar shi mako biyu, yis ya cinye sukarin ya mai da shi barasa da iska. A bakin wannan mataki muka rabu da shi.

Ina zaƙin nan ya fito? Ƙwayar hatsi rumbu ce, abin da ke ciki sitaci ne, watau sukari da aka ɗaura da juna ya zama doguwar sarƙa, harshe ba ya jin zaƙinsa. In ƙwayar ta sha ruwa ta ji ɗumi, sai ta ɗauka damina ta sauka, ta shiga ƙera waɗansu sinadarai da ake kira amilas, waɗanda aikinsu yanka sarƙar nan gunduwa-gunduwa don ɗan tsiron ya sami abinci kafin ya yi saiwa da ganye. Mai yin tsiro yaudarar ƙwayar yake yi: ya bar ta ta ƙera almakashinta, sa'an nan ya shanya ta kafin ta cinye rumbun. Waɗansu Faransawa biyu, Payen da Persoz, su suka fara ware wannan sinadari daga tsiron sha'ir a 1833, kuma shi ne irinsa na farko da aka taɓa warewa a tarihin kimiyya. 'Yan'uwa masu karatun lissafi da noma, ku ma kuna da rabo a nan. Gwajin "t" da ke hana ku barci lokacin jarrabawa, wani ma'aikacin kamfanin Guinness a Dublin mai suna William Gosset ya fito da shi a 1908, yana neman hanyar gwada irin sha'ir da ƙananan samfurori. Ma'aunin tsami na pH kuma a ɗakin binciken Carlsberg na ƙasar Danmak aka ƙirƙiro shi a 1909. Kun ga ke nan mun daɗe muna shan romon wannan ilmi ba mu san tukunyar da aka dafa shi ba.

Yanzu mu dawo gida, mu tsaya a bayan mai kunun zaƙi mu kalli hannunta. Ta jiƙa gero ko dawa ya kwana, ta markaɗa da citta da kanumfari da ɗan barkono. Sai ta raba ƙullun biyu. Kashi mai yawa ta sheƙa masa tafasasshen ruwa ya yi kauri kamar koko. Kashi kaɗan ta ajiye shi ɗanye, ta haɗa shi da tsiro, ko na dawa ko na shinkafa, waɗansu kuma su sa busasshen dankalin Hausa. Ba ta haɗa su nan take. Takan jira zafin ya faɗa, ta taɓa gefen roba da bayan hannu, in ya yi mata sai ta juye ɗanyen a kan dafaffen, ta rufe, a kwana. Da safe kaurin nan ya tsinke, zaƙi ya fito.

Ku tambaye ta dalilin da ya sa take raba ƙullun, za ta ce haka ta ga ana yi. Amma ga dalilin, kuma a nan ne ya kamata mu daɗe. Amilas ba ya iya yanka sitaci sai sitacin ya dahu ya kumbura. Sitacin sha'ir yana dahuwa a wajen digiri 60, zafin da amilas yake jin daɗin aiki a cikinsa, shi ya sa Bature yake zuba kome a tukunya ɗaya ya huta. Sitacin dawa da gero kuwa taurin kai gare shi, sai zafi ya kai digiri 70 ko ya wuce kafin ya sallama, a wannan zafi kuwa ɗaya daga cikin amilas biyun da ke cikin tsiro ya riga ya mutu, ɗayan ma yana gab da bin sa. Watau in ka dafa sosai ka kashe ma'aikacin, in ba ka dafa ba ma'aikacin ba shi da abin yi. Maganin wannan sarƙaƙiya shi ne a dafa sitacin dabam, a ɓoye ma'aikacin dabam, a haɗa su bayan zafi ya sauka. Shi ne abin da take yi. Dankalin da take sawa ma ba don ado ba ne, cike yake da irin amilas ɗin da tsiron dawa yake da ƙarancinsa. Masu burkutu da fito a ƙasar Gwari da Filato, da masu dolo a Barkina Faso da Mali, su ma sun san wannan dabara: sukan tsiyaye ruwan saman su ajiye, su dafa gindin, sa'an nan su mayar.

Wannan dabara ta zama batun miliyoyin nairori a 1988. A watan Janairu na shekarar gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir, shekara guda bayan ta hana shigo da alkama. Kamfanonin giya da na lemon malt, irin su Nigerian Breweries mai yin Maltina tun 1976 da Guinness, suka wayi gari da injinan da aka ƙera don sha'ir, ga shi kuwa sha'ir ba ya son zafin ƙasarmu. Dole suka koma kan dawa da masara. Nan suka yi karo da abubuwan da muka lissafa: sitaci mai taurin kai, ƙarancin amilas, ga kuma rashin ɓawon da zai zama rariya. Masana a jami'o'inmu da cibiyar binciken masana'antu ta Oshodi suka duƙufa, ɗaya daga cikin hanyoyin da suka dace kuwa ita ce tsiyaye ruwan sama a dafa gindi, wadda tsofaffin mata suka riga su sani. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya ta riga ta fitar da gajeriyar kaura mai lamba SK5912, aka ga tana yin tsiro mai kyau, ta zama abar nema. Daga baya an ɗage haramcin, amma dawa ba ta fita daga masana'antu ba. An gina babbar masana'antar tsiron dawa a Aba, akwai wata a Kaduna, ruwan tsiron dawa kuma yana shiga lemon malt da garin shayin yara da biskit. Gwangwanin malt da muke buɗe wa baƙo da salla, ko mu kai wa mai jego a asibiti, ruwan nan ne na mataki na biyu, an tafasa shi an rufe kafin yis ya taɓa shi.

Furen hof da muka ambata, shi kam ba namu ba ne, kuma ba zai zama namu ba. Yana bukatar doguwar ranar bazarar Turai da sanyin hunturunta kafin ya yi fure yadda ake so, shi ya sa Jamus da Amurka suka riƙe kasuwarsa. Aikinsa biyu ne. Wanda aka zuba a farkon tafasa yana ba da ɗaci, ɗacin kuma yana danne ƙwayoyin cutar da ke sa ruwa tsami. Wanda aka zuba a ƙarshe yana ba da ƙamshi. Giyar da masu dafa ta a gida suka fi alfahari da ita a yau, mai yawan hof, ta samo sunanta ne daga wadda Ingilishi ke aika wa mutanensu a Indiya cikin jirgin ruwa a ƙarni na 19, tafiyar watanni. Masu bincike a Nijeriya sun gwada shuwaka da namijin goro da ganyen darbejiya a madadinsa. Abin da ya shafe mu a nan shi ne tambayar da hof ya amsa wa Bature: me za a sa wa ruwan hatsi mai zaƙi ya daɗe bai lalace ba? Kunun zaƙi ba ya wuce yini ɗaya ko biyu a zafin Afrilu. Da fari ƙwayoyin tsami su fara aiki, su ne masu ba shi ɗanɗanon da muke so. In aka ƙara jinkiri, yis na iska ya shiga, gora ta kumbura, murfi ya yi tsartuwa, abin sha na halal ya kama hanyar zama wani abu dabam. Malaman fiƙihu sun yi dogon bayani a kan tsimin dabino da zabibi, da lokacin da yake fita daga halacci. Mai sayar da kunu a tasha kuwa asara ce a gare ta, ta zubar ko ta sayar da gurɓatacce. Kanumfarin da take sawa yana da mai mai kashe ƙwayoyin cuta, citta da kimba ma ba a bar su a baya ba, amma nawa za a sa, a wane lokaci, kwana nawa zai ƙara? Wannan aiki ne na ɗalibin kimiyyar abinci da ma'aunin zafi da littafin rubutu, kuma ya fi ƙarfin a raina shi.

Sai maganar ƙasarmu, wadda ita ce mai ciwo. An kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, kamfanin Impresit na Italiya ya gina ta, tana iya riƙe ruwa kyubik mita miliyan 450, aka kuma tsara ta shayar da kadada 23,000 a ƙasar Talata Mafara da Bakura da Maradun. An ce za a noma alkama a ƙoshi da burodi. An karɓe gonakin talakawa, an hana su shuka na tsawon lokaci ana gyaran fili, diyya ta zama rigima, manoma suka tare hanyoyi. A watan Afrilu na 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta. Gwamnati ta faɗi adadi kaɗan, mutanen yankin da masu bincike suka ce ɗaruruwa ne suka mutu. Akwai jikokin waɗannan bayin Allah a cikin wannan zaure. Mafi yawan filin an tsara shi ne da bututun feshi mai bukatar lantarki da kayan gyara daga waje, daga baya ya tsaya cik, ɓangaren da ruwa ke gangarawa da kansa ne ya rayu, aka koma shinkafa. Sai a 2014 aka ƙulla shirin gyara tare da Bankin Duniya. Masana biyu 'yan Suwidin, Gunilla Andrae da Björn Beckman, sun rubuta littafi a 1985 a kan yadda alkama ta zame wa Nijeriya tarko. Mu abin da muka karanta a cikin labarin Bakolori shi ne, an zo da hatsin wani, da injin wani, da lissafin wani, ba a tsaya an tambayi mai gona abin da ya iya ba. Shekara 8 kacal bayan an zubar da jini saboda wannan shiri, manyan kamfanonin ƙasar suna bin kasuwanni suna neman dawar da aka ce wa manomi abincin ƙauye ce.

Nijeriya tana noma dawa fiye da tan miliyan 6 a shekara, tana cikin ƙasashe na sahun gaba a duniya, Zamfara kuma tana cikin jihohin da ke cika wannan mudu. Amma ku je kasuwar Mafara ranar Talata bayan kaka ku ga yadda take fita: tsaba, a buhu, a farashin lokacin da kowa ke sayarwa. Daga nan sai Gusau ko Funtuwa ko Dawanau, sai masana'anta. Manomin da ya shuka ta, a waɗannan shekaru da 'yan bindiga suka addabi yankin, wani sai ya biya kuɗi kafin a bar shi ya shiga gonarsa, ya sake biya kafin ya girbe. Ribar da ke cikin mai da tsaba tsiro, da mai da tsiro ruwan zaƙi, duk a wani gari ake cin ta. Garuruwan nan uku kowannensu ya fitar da gwamna, Bakura da Mafara da Maradun, akwai kwalejin kimiyya ta Abdu Gusau da jami'ar jiha a Mafara, akwai kwalejin aikin gona a Bakura. Ba mutane muka rasa ba. Tsiron dawa kuwa, saɓanin na sha'ir mai bukatar ɗaki mai sanyi, a zafin digiri 25 zuwa 30 yake yi, watau ɗakin ƙasa mai inuwa ya ishe shi, rana kuma ta busar da shi kyauta.

Ba za mu ɓoye muku ba, akwai ƙaya a wannan hanya. Wanda ya yi tsiro ya sayar wa kamfani bai san ko Maltina za a yi da shi ko giya ba, kamar yadda mai sayar da tsaba a yau ma bai sani ba. Wannan tambaya ce ta malamai, ya kamata kuma a kai musu ita da cikakken bayanin yadda aikin yake, maimakon a bar su su yi fatawa a kan abin da ba a warware musu ba. Amma akwai kasuwar da babu shubuha a cikinta ko kaɗan, kuma ta fi kowace kusa da mu.

Jaririn da aka fara ba shi kunu cikinsa ƙarami ne. In an dama masa da kauri ba ya iya haɗiya, in an tsinka da ruwa sai ya cika cikinsa da ruwa, ya ƙoshi alhali bai ci kome ba. Jiharmu tana cikin waɗanda tamowa ta fi kama yaransu, ba sai mun kawo muku alƙaluma ba, kun gani a dakunan shan magani. A shekarun 1980 masu bincike a Tanzaniya da Indiya suka nuna cewa in an dama kunu mai kauri ƙwarai, aka bar shi ya ɗan huce, aka barbaɗa ƙaramin cokali na garin tsiro aka juya, cikin 'yan mintuna zai tsinke ya zama abin kurɓa, alhali garin da ke cikinsa ya ninka na tsinkakken kunu sau biyu ko fiye. Yaro ya sha kofi ɗaya, ya sami abincin kofi biyu. Ba a sayo kome daga waje ba.

Sai dai yin tsiron yana da ƙa'ida, kuma a nan ne sakaci yake kisa. A zaɓi dawa mai rai, wadda ba a sa mata maganin ƙwari ko maganin shuka ba. A wanke, a jiƙa kamar yini da kwana, ana sauya ruwa ana barin ta ta sha iska. A baza a kan tsabtataccen buhu a inuwa, kaurin bai wuce faɗin tafin hannu ba, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle, a riƙa yayyafa ruwa ana juyawa safe da yamma har kwana 4 ko 5. Duk wanda ya yi fumfuna a zubar da shi, domin fumfunar hatsi tana iya ɗauke da guba mai lalata hanta, tafasa kuma ba ta kashe ta. A shanya ya bushe ƙarau. Sa'an nan, ku riƙe wannan da kyau, a murje saiwar da ɗan toho a sheƙe su sarai. Kowane makiyayi ya san gyauron dawa yana kashe dabba. Gubar da ke cikin gyauro ita ce ke taruwa a tohon tsiro, murjewa da sheƙewa ke raba ta da ƙwayar. In kunun na jariri ne, bayan ya tsinke a mai da shi kan wuta ya sake tafasa kafin a ba shi.

Ga aikin da muke so ƙungiyar ɗalibai ta ɗauka a wannan zango, kuma kuɗinsa bai kai na fastar zaɓe ba. A sayo kaura da farafara da gero da maiwa, mudu bibbiyu, daga Mafara da Bakura da Maradun, a rubuta sunan da masu su ke kiran kowane iri. A yi tsironsu rana ɗaya, a auna nauyi kafin da bayan, domin tsiro yana cin wani kaso na ƙwayar, yakan wuce 10 cikin 100. A dama kunu da gari iri ɗaya, a raba a kwanuka, a sa wa kowanne cokali ɗaya na tsiro dabam a zafin digiri 65. Kowane minti 10 a ɗebi ɗigo a farin faranti a ɗiga masa aidin irin na wanke ciwo. Muddin akwai sitaci zai yi baƙi-shuɗi, in amilas ya gama aikinsa launin ba zai sauya ba. A maimaita sau 5, a rubuta mintunan, masu lissafi su zo da gwajin Gosset su gaya mana ko bambancin da muka gani na gaske ne. A kuma gayyato mai kunun zaƙi guda biyu ko uku daga cikin gari, a biya su ladan yininsu, a tsoma ma'aunin zafi a robarsu daidai lokacin da suka ce ya yi, a rubuta lambar da ya nuna.